Abin Da Ke Sa Harsashi Alkafura

Da zarar damina ta ɗauke, an kwashe doya da dawa, ciyawa ta bushe har an fara cinna wa daji wuta, sai maharban ƙasar Kwali su sauko da bindigoginsu daga rataye. Tun daga Yangoji har Dafa, daga Pai zuwa Ashara da Yebu, da wuya a sami ƙauyen da ba shi da nasa gwanayen, masu bin sawun gada da gyazbi da mugun dawa cikin fadamun kogin Gurara. Kowace shekara kuwa akwai kukan da ake komowa da shi daga daji, kuma kusan iri ɗaya ne. An auna gada sosai, tana tsaye ba ta fi taku hamsin ba, an ja kunama, hayaƙi ya tashi, amma sai ta karkaɗe kunne ta yi gaba. Ko kuma, abin da ya fi wannan muni, a same ta a cinya alhali kuwa ƙirji aka auna, ta shige sarƙaƙiya ta mutu can bayan kwana uku, ba ta amfani kowa ba sai ungulu.

Idan aka zauna hira da dare bayani ba ya wuya. Wani ya ce dabbar tana da iska, wani ya ce abokin gaba ne ya ɗaure bakin bindigar, wani kuma ya ce albarushin bana ba shi da ƙarfi, saboda haka gobe sai a ƙara masa awo. Na farko da na biyu ba su kashe kowa, iyakarsu a kai wa boka kaza. Na ukun nan shi ne abin tsoro, domin shi ya raba maharba da yawa da yatsunsu, waɗansu ma da idanunsu.

Alhali kuwa akwai shaidar da ba ta ƙarya, kuma ba ta karɓar ko kwabo. Shaidar nan ita ce kwali, watau na takarda, ba garin ba. A kafa faffaɗan kwali a gaban tudu ko jigawa, inda aka tabbata ba hanyar mutum ko ta dabba a bayansa, a koma taku ashirin da biyar a harba, sa'an nan a zo a dubi hujin. In hujin ya fita kewayayye kamar an sa kara an tsire, to, harsashi ya iso da kansa a gaba, lafiya lau. In kuwa ya fita dogo, kamar kafar da ake zura ɗan makulli, to, a kwance ya iso, watau tun yana hanya yake alkafura. Harsashin da ke alkafura ba shi da alƙibla. Yau ya karkata dama, gobe hagu, ƙarfinsa kuma ya zube tun kafin ya kai rabin tafiyarsa, domin da gefen jikinsa yake ture iska maimakon da tsininsa.

Dalilin alkafurar ba boyayye ba ne, sai dai ido ba ya ganinsa. Harsashi mai tsini nauyinsa a gindi yake, iska kuwa a goshi take tare shi. Muddin ya ɗan karkace, ko da kamar gashin kai ne, sai iskar nan ta sami abin kamawa, ta tura tsinin gefe, gindi mai nauyi ya nemi wucewa gaba. Magabata sun san wannan matsala tun ba su san bindiga ba, sun kuma warware ta a jikin kibiya: ƙarfe mai nauyi a gaba, kyauro marar nauyi a baya. Shi ya sa kibiyar maharbin Hausa take tafiya sak ko da ba a ɗaura mata gashin tsuntsu ba. Nauyi ke jan gaba, jela na biye.

Harsashi ba shi da jela, saboda haka tilas a nemo masa wata dabara. Dabarar kuwa tana hannun kowace tsohuwa mai kaɗi. Mazari in an ajiye shi a kan tsininsa faɗuwa zai yi nan take, amma in ta murza shi da yatsa sai ya miƙe tsaye cak, gululu na juyawa, ba mai riƙe da shi. Haka yara ke yi da katantanwa a dandali. Abin da ke juyi da sauri ba ya yarda a kwantar da shi. In juyin ya fara sanyi sai ya soma layi, daga layi sai faɗuwa.

Wannan shi ne asirin bindigar da ake kira raifil. Wanda ya leƙa cikin bututunta, bayan ya tabbata ba kome a ciki, zai ga waɗansu tsage-tsage sun tafi a murɗe tun daga gindi har baki, kamar tufkar igiya. Harsashi ya ɗan fi ramin kauri, don haka da aka harba sai tsagar ta cije jikinsa ta murza shi, ya fita yana juyi kamar mazari. Murɗin nan kuwa da awo ake yinsa. In an ce murɗin bindiga ɗaya ne cikin inci 12, ana nufin harsashi zai juya sau ɗaya cif a duk tafiyar inci 12. Ɗaya cikin 7 ya fi ɗaya cikin 12 tsauri, kamar yadda igiya mai matsattsiyar tufka ta bambanta da mai sakwa-sakwa. Bindigar AK-47, wadda sunanta ya zama ruwan dare a ƙasar nan ba don alheri ba, tana da tsaga 4, murɗinta ɗaya cikin milimita 240, harsashinta kuma yana fita da gudun wajen mita 715 a daƙiƙa. In aka raba, sai a ga yana juyawa kusan sau 3,000 a daƙiƙa guda. Watau juyin da injin ƙaramar mota ke yi cikin minti ɗaya a kan titin Abuja zuwa Lakwaja, shi harsashin nan ke yi kafin mutum ya ce biyu.

To, a nan gizo ke saƙa. Bindigar da akasarin maharban ƙauye ke riƙe da ita adaka ce, wadda masu barkwanci ke kira harba-ka-ruga, irin da ake ɗura wa albarushi ta baki. Asalinta daga fataken Turai ne da suka yi ciniki a bakin tekun Afirka ta Yamma, musamman mutanen Danmak da suka zauna a Ankara ta ƙasar Gana har 1850, daga baya maƙeran gida suka koyi ƙera ta. Cikin adaka sumul yake kamar bututun famfo, ba tsaga ko ɗaya. Ba abin da zai murza abin da aka ɗura mata. In dunƙulalliyar darma ce mai kama da ƙwallo, da sauƙi, domin ƙwallo ba shi da gaba ba shi da baya, ko ta ina ya juya ɗaya ne, ko da yake shi ma yakan bauɗe in tafiya ta yi nisa. Amma maharbin da ya ga harsashin soja dogo ne mai tsini, ya ce shi ma bari ya ɗura dogon guntun ƙarfe don ya sami irin wannan ƙarfi, ya ɗauki siffa ne ya bar ruhi. Dogon abu a cikin bututu sumul alkafura zai yi tun daga bakin bindiga, kuma ko an ninka albarushi sau biyu ba abin da zai sake, sai dai ya yi alkafurar da sauri. Abin da ƙarin albarushi ke yi kawai shi ne ya matsa wa bututun da ba a taɓa gwada ƙarfinsa a ma'aikata ba, ga tsatsa ta ci shi ta ciki, har ran da zai tsage a daidai inda hannun hagu ke riƙe, kusa da fuska.

Masu ƙera harsashin bindiga mai baki biyu, wadda ita ma cikinta sumul ne, da suka so ta harba dunƙule guda maimakon ƙananan ƙwayoyi, dabarar kibiya suka koma wa. Wilhelm Brenneke na Jamus a 1898 ya liƙa wa darmarsa jela marar nauyi a baya, Karl Foster na Amurka kuma a 1931 ya rarake gindin tasa don nauyi ya taru a gaba. Duk da haka ba mai hankalin da ke neman nisan raifil da su.

Turawa ma ba a dare ɗaya suka gane lissafin murɗi ba. Bindigar Enfield ta 1853, wadda sojan Ingila suka riƙe, murɗinta ɗaya ne cikin inci 78, sakwa-sakwa ƙwarai, amma ya ishe ta domin harsashinta gajere ne mai kauri. Injiniya Joseph Whitworth na Mancesta da aka sa shi ya gyara ta, sai ya bar nauyin harsashin yadda yake, wajen giram 34, amma ya rage masa kauri ya ƙara masa tsawo. Nan da nan ya ga tilas ya tsaurara murɗi zuwa ɗaya cikin inci 20, in ba haka ba harsashin ba ya tafiya da kansa. Da aka gwada su biyun a 1857, tasa ta yi wa Enfield fintinkau a nesa. Abin lura a nan shi ne nauyi bai sake ba ko kaɗan. Tsawo ne ya sake, kuma tsawon ne ya nemi ƙarin juyi. Har yau mutane da yawa, har da masu ilmin bindiga, sukan ce harsashi mai nauyi ke son murɗi mai tsauri. Maganar tana kama da gaskiya ne kawai domin a rami ɗaya mai nauyi yakan fi tsawo. Harsashin tagulla zalla, wanda ya fi na darma tsawo ko da nauyinsu ɗaya, shi ke tona asirin kuskuren.

A 1879 wani malamin lissafi mai koyar da hafsoshin igwa a Woolwich ta Ingila, Alfred George Greenhill, ya taƙaita al'amarin cikin ƙa'ida ɗaya wadda ɗan aji uku na sakandare zai iya bugawa a bayan littafinsa. A auna kaurin harsashi da inci, a ninka shi da kansa, a ninka abin da aka samu da 150, sa'an nan a raba da tsawon harsashin. Abin da ya fita shi ne inci nawa ya kamata juyi ɗaya ya ci. Ga misali: harsashi mai kaurin inci 0.308 da tsawon inci 1.1 zai ba da wajen 13, shi ya sa ba abin mamaki ba ne da bindigogin FN da G3, waɗanda sojan Nijeriya suka daɗe da saninsu, aka yi musu murɗi ɗaya cikin 12. In tsawon ya kai inci 1.4, kauri bai sake ba, lissafi sai ya faɗo zuwa 10, bututu mai 12 kuwa ya fara kasawa. Ga harsashi mai gudun da ya wuce ƙafa 2,800 a daƙiƙa akan sa 180 a madadin 150. A 2005 Don Miller na Amurka ya fito da ƙa'idar da ta fi wannan daidai da harsasan zamani, har tana la'akari da zafi da nauyin iska, amma ta Greenhill ba ta daina amfani ba. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa tana nan Sheda, cikin ƙaramar hukumar Kwali, tafiyar 'yan mintoci daga inda ake ta muhawarar dabba mai iska. Da malamanta za su ɗauki misalin nan su kai makarantun yankin, da yaran maharba sun sami abin da zai sa lissafi ya shiga ransu fiye da labarin jirgin ƙasa biyu da suka tashi daga tasha ɗaya.

Kuskure a zaɓen murɗi ya taɓa ja wa babban kamfani hasara. A 1955 kamfanonin Remington da Winchester na Amurka kowanne ya fito da sabon harsashi mai kaurin milimita 6. Remington ya yi wa bindigarsa murɗi ɗaya cikin 12, da nufin harbin ƙananan dabbobi, Winchester ya yi ɗaya cikin 10, wanda ke iya riƙe dogon harsashi mai giram 6.5 da masu farautar barewa ke so. Maharba suka yi tururuwa wajen Winchester. Har sai da Remington ya tsaurara murɗinsa, a 1963 kuma ya sake wa harsashin suna gaba ɗaya, ya sayar da shi da murɗi ɗaya cikin 9, amma kafin nan kasuwa ta riga ta watse. Inci biyu kacal suka raba su.

Sojan Amurka su ma sun ɗanɗana. Bindigar da ta zama M16 da fari murɗinta ɗaya ne cikin 14, kuma tana aiki a ƙasa mai ɗumi. Da aka gwada ta cikin tsananin sanyi sai harsashi ya fara layi, domin iska mai sanyi ta fi kauri, ta fi ƙarfin ture goshin harsashi. A 1963 aka mai da murɗin ɗaya cikin 12. Bayan 1980, da ƙasashen NATO suka amince da harsashi mafi tsawo, tare da wani dogo ƙwarai mai barin wuta a bayansa don a ga inda ya nufa, sai aka kai shi ɗaya cikin 7. Darasin da ke nan ga ƙasa irin wannan ƙarami ne amma na gaske: bindigar da murɗinta ke bakin iyaka tana iya yin daidai da tsakar rana cikin bazara, ko a kan tsaunin Jos inda iska ba ta da kauri, ta kuma ba mai ita kunya da asubahin hunturu a kwarin Gurara.

Kada kuwa wani ya ce to ai sai a tsaurara murɗi iyakar tsaurarawa a huta. Garin Kwali ya fi kowane gari sanin amsar wannan. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta tashi da ginin tukunya irin na Gwari, na hannu, inda magina ke kewaya tukunya. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yau, inda ta koyi gini a kan faifai mai juyawa. Abu na farko da faifan nan ke koya wa kowa shi ne, in yumɓu bai zauna daidai tsakiya ba, ƙara gudu ba ya gyara shi, sai ma ya ƙara masa rawa har ya fantsama. Haka harsashi yake. In darmar cikinsa ta fi yawa a gefe ɗaya, ko akwai kumfar iska a ciki, juyi mai yawa ƙara bauɗar da shi zai yi. Mai siririyar rigar tagulla kuwa, in gudu da juyi suka yi masa yawa, yakan tarwatse a iska tun bai kai ko'ina ba. Duk da haka, in za a yi kuskure gara a yi shi wajen tsauri, domin ɗan ƙarin juyi ɗan ragin daidaito ne kawai, ƙarancinsa kuwa alkafura ce.

Sauran magana ita ce ta tsofaffin raifil da aka gada, waɗanda a da suna harbi daidai yanzu kuma suna ba da dogon huji. Murɗi ba ya sakewa da tsufa, saboda haka ba shi za a fara tuhuma ba. A fara duban harsashi, ko an canja iri, ko an sa wanda bai cika ramin ba, domin wanda bai cika ba tsaga ba ta cizonsa, sai ya zame ya fita ba juyi. Sa'an nan a dubi tsagar kanta da haske. Tsatsar damina da ƙurar hunturu, da kuma tsofaffin harsasai masu barin gishiri a bututu in ba a wanke ba, sukan cinye ta har ta shafe. Wani lokaci kuma ba shafewa ta yi ba, darma ce ta cike ta, wankewa kawai take so. Daga nan sai bakin bindiga. Maharba da yawa sukan dogara bindiga baki a ƙasa, ko su riƙa zura sandar ƙarfe ta baki suna gogewa har gefe ɗaya ya lotse. In bakin ya lotse, hayaƙi mai ƙarfi zai riga fita ta gefe ɗaya ya bangaje gindin harsashi a daidai lokacin da ya rabu da bututu. Mazarin da aka bangaje tun farkon murzawa kowa ya san yadda yake yi.

Gyaran waɗannan kuwa ba aikin maƙerin garma ba ne, kuma doka ba ta bar shi a buɗe ba. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Na soja, har da raifil masu kaurin milimita 7.62 da inci .303, haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na farauta, irin su mai baki biyu da raifil ɗin da ba na soja ba, sai da lasin daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Adaka da danginta kuma Kwamishinan 'yan sanda ke da iko a kansu. Ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da lasin ba shi ma laifi ne.

Abin da ya sa batun ya wuce na gada da gyazbi shi ne, cikin 'yan shekarun nan masu satar mutane sun addabi ƙauyukan Kwali da hanyar Lakwaja, kuma maharba da 'yan banga ake turawa gaba su nuna wa jami'an tsaro hanya, domin su suka san daji. Jaruntakarsu ba abin musu ba ce. Amma wanda ya tura mai adaka ya fuskanci mai AK ya kamata ya san abin da ya tura shi yi. Sojan Turai na zamanin bindiga sumul ba su sa ran samun mutum guda in ya wuce yadi 100, ita kuwa AK an yi ta ne don mita 300, harsashinta kuma yana iya kisa can nesa da haka. Irin wannan rata ce mahayan Kano da Sakkwato suka tarar a Kwatarkwashi da Giginya a 1903, suna faɗuwa tun ba su kai inda mashi da kibiya da adaka za su yi aiki ba. A cikin dare kuma, in mutum goma sun bazu cikin sarƙaƙiya, guntun ƙarfen da ya fita yana alkafura bai san ɗan fashi ba, bai san ƙanen maharbin da ke taku ashirin a gefen dama ba.

Shugabannin maharba suna da ikon da ɗan sanda ba shi da shi a nan, domin su ake jin maganarsu ran da za a fita. Kafin farautar bana, kowace bindiga mai lasin ta tsaya gaban kwali a taku ashirin da biyar, ta yi harbi uku. Wadda ta ba da huji kewayayye sai a ƙara mata nisa har a ga inda ta fara watsewa, mai ita ya san nan ce iyakarsa. Wadda ta ba da dogon huji a canja abin da ake ɗura mata a sake gwadawa, da awon albarushin da aka saba, ba ƙari. In ta sake ba da shi, a mai da ita rataye.